Ƙorafi ga kamfanin da ya sayar mini da firinta 3D mai rawar jiki

Ranka ya daɗe Manaja, assalamu alaikum.

Wata huɗu ke nan da na sayi firinta 3D a hannunku. A jikin kwalin an rubuta tana gudun milimita 250 a daƙiƙa ɗaya ba tare da aiki ya lalace ba. Saboda wannan rubutun na biya kuɗin.

Aikina a Mabera shi ne buga hatimi na roba wa dukawa, wanda suke danna wa fata. Duk harafin da injin nan ya buga a jikin kaya, sai ka ga inuwarsa ta biyo shi layi uku ko huɗu, tana dusashewa kamar an jefa tsakuwa a kududdufi. Fatar jar akuya kuwa ba ta rufa asiri, abin da ke jikin hatimi shi take ɗauka. Wani dattijo ya dawo mini da hatiminsa, ya ajiye kan tebur ya ce, "Ɗana, sunana ɗaya ne, ba uku ba."

Na san daga inda matsalar take. Idan kan injin ya juya kwana da sauri, jikinsa kan ci gaba da kaɗawa, kuma kaɗawar ce take zama a robar. Na ɗaure bel ɗin duka biyu, na matse tayoyin, na sauke injin daga teburin katako na ɗora shi kan falalen siminti da soso a ƙarƙashi. Ya ragu, amma bai tafi ba. Da na kira wakilinku, sai ya ce in rage gudu zuwa 50. To da 50 nake so, ai da tsohuwar firintata ta ishe ni, ga kuɗin man janareta da aikin awa biyu ya koma awa shida.

Abin da ya fi ɓata mini rai, maganin sananne ne. Manhajar sarrafa firinta da ake kira Klipper na auna rawar inji da wata 'yar na'urar auna motsi mai suna ADXL345, ta daidaita tafiyar motar injin yadda kaɗawar za ta kashe kanta. Marlin ma, wata manhajar irinta, ta sa irin wannan daidaitawar tun sigar 2.1.2. Na duba allon lantarkin da ke sarrafa injina, tsohuwar manhaja kuka saka, babu wannan tsarin ko kaɗan.

Ku aiko mini da manhajar da ta dace da allon nan, ko ku karɓi kayanku ku maido mini da kuɗina. Rasiɗi da hatimin dattijon suna nan na adana.

Naku,
Mai buga hatimi, Mabera, Sakkwato