Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Daraktan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya

Yallaɓai, barka da aiki. Ba zan cika ka da gaisuwa ba.

Ina cikin masu rubuta labarin ɗori. Mukan kalli fim mai dogon zango ko mu karanta littafi, ƙarshen ya ƙi kwanta mana a rai, sai mu ɗauko taurarin mu ɗora musu wata rayuwa, mu zuba a Wattpad ko zauren WhatsApp, ko sisi ba ma karɓa. Tambayata ɗaya ce: a idon dokar da ke hannunka, mu marubuta ne ko ɓarayin zaune?

Ka fi ni sanin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Tun daga sashenta na farko ta yi alkawarin barin ƙofofi domin jama'a su amfana da ayyukan fasaha. Sashe na 20 ya halatta a taɓa aikin wani bisa adalci don shaguɓe, zambo ko kwaikwayon salo. Madalla. To labarin ɗori fa, ta wace ƙofa zai shiga? Dokar ba ta kira sunansa ba, ta bar mu da alƙali, ya auna manufa, ya auna yawan abin da aka ɗiba da illarsa ga kasuwar mai asali. Ita kuma dokar nan ce ta ba mai haƙƙi damar aika takarda a sauke rubutu daga intanet. Ke nan mai lauya ya yi layi biyar, aikin da wata ɗaliba ta shekara tana bugawa da babban yatsa ya ɓace. Wace kotu za ta je, da kuɗin data?

Wasu ƙasashen ba su tsaya noƙe-noƙe ba. Kanada ta gyara dokarta a 2012, ta sa sashe na 29.21 da ya ba mutum damar gina sabon abu a kan aikin wani, muddin ba don kuɗi ba ne, ya ambaci mai asali, bai kuma karya masa kasuwa ba. A Amurka masu wannan rubutu da kansu suka kafa ƙungiyar OTW mai kare ayyukansu a 2007, da lauyoyinta, rumbun labaransu na intanet mai suna AO3 har ya ci kyautar Hugo ta adabin ƙagaggun labaran kimiyya a 2019.

Ba zan ɓoye maka ba, kanmu a rabe yake. Wasu sun roƙe ni kada in rubuto, wai a bar kaza cikin gashinta, tunda babu wanda ya kula mu. Wasu na ganin idan aka halatta, masu sayar da labarin wani a waya za su laɓe a bayanmu. Waɗannan kam ka kama su, har da masu buga littattafan mutane a ɓoye, ba ni da ta cewa. Amma zaman "ba a gan mu ba" ya ishe ni.

Yallaɓai, ba sabuwar doka nake roƙo ba tukuna. Hukumarka ta fitar da bayani, shafi ɗaya ma ya isa, da Turanci da Hausa, ta faɗi matsayin labarin ɗori na kyauta a ƙarƙashin sashe na 20. Idan kun ce haram ne, ku faɗa da bakinku, mu san abin da za mu kai gaban Majalisar Tarayya.

Taku,
Wata marubuciya daga Zariya