Zuwa ga ɗana, kan addu'ar marasa lafiya

Zuru, Jihar Kebbi

Ɗana ƙaunatacce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu nan lafiya lau, ƙafar Babanka ma ta yi sauƙi har ya fara leƙa gona. Ya mai ɗakinka, ya maigidana ƙarami, ya aikin Ubangiji?

Ba zan yi kewaye-kewaye ba. Wata magana ta iso kunnena ranar Lahadi bayan sujada, kuma ba daga baki ɗaya ba. An ce a taron farkaswar da kuka yi can wajen Wasagu, ka ce duk wanda ya gaskata ya warke ya kawo maganinsa ya ajiye a gaban bagade, har aka cika kwano. An ce cikin masu kawowa har da wata mata mai shan maganin tarin fuka. An kuma ce ka sa azumin kwana uku, ba ci ba sha, babba da yaro. In ƙari aka yi maka, to Allah ya sa haka ne. In kuwa gaskiya ne, nemi wuri ka zauna ka karanta takardar nan har ƙarshe.

Kiranka ban taɓa shakkarsa ba. Da Ubangiji ya aiki almajiransa, a Luka sura 10, cewa ya yi su warkar da marasa lafiya a duk garin da aka karɓe su, kuma Markus 6:13 ya ce sun shafa wa mutane da yawa mai, suka warke. Na gaskata wannan, na gaskata yana yi har gobe. Amma aikin yana da tsari, kuma tsarin yana rubuce a Yaƙub 5:14 zuwa 16. Ka buɗe ka duba a natse. Mara lafiyar ne ke aikawa a kira. Dattawan ikkilisiya ake kira, ba mutum ɗaya da ya yi suna ba. Su yi addu'a, su shafa mai da sunan Ubangiji, a furta zunubi ga juna. Ka karanta ayoyin sau goma, ba inda za ka ga an ce a karɓe maganin mutum.

Ga yadda ake shiga ɗakin mara lafiya. Kada ka je kai kaɗai, ku je biyu ko uku. In mace ce, ka tafi da matarka ko wata dattijuwa daga zumuntar mata, ka kuma nemi izinin maigidan. Wanke hannu da sabulu kafin ka shiga da bayan ka fito. Ka zauna ƙasa-ƙasa daidai da shi, kada ka tsaya masa a ka. Kafin ka buɗe baki da addu'a, ka yi tambaya huɗu: ina ke ciwo, tun yaushe, wane magani ake sha, yaushe rabonsa da abinci. Wanda bai tambaya ba, bai san abin da yake roƙa ba. Man kuwa ɗigo ɗaya ne a babban yatsa, a goshi. Na zaitun ko na gyaɗa, duk ɗaya ne, ikon ba a kwalba yake ba. Ba a ba mutum ya sha, ba a ɗiga shi a ido ko kunne, ba a zuba shi a gyambo. Addu'ar ta zama gajeriya, cikin murya mai sanyi. Mai zazzaɓi ba ya jure ihu, kuma jijjiga kan mara lafiya ba ya ƙara wa addu'a nauyi. Kada ka karɓi ko sisi, ko kaza, ko mudun dawa. Ka san abin da ya sami Gehazi da ya bi bayan Na'aman.

To, maganar kwanon nan ita ce ta hana ni barci.

Ka san yadda maganin tarin fuka yake kuwa? Wata shida ake shan sa, kowace rana ba fashi. Wata biyun farko magani iri huɗu ne a haɗe, wata huɗun da suka rage iri biyu. Bayan 'yan makonni da farawa tari yana raguwa, zufan dare ya tsaya, mutum ya fara cin abinci, jiki ya fara dawowa. A daidai lokacin nan ne yake jin ya warke, ya miƙe a taro ya ba da shaida, kuma ba ƙarya yake yi ba, sauƙin gaskiya ne. Sai dai ƙwayoyin cutar ba su ƙare ba. Masu rauni ne suka mutu, masu taurin suna nan kwance a huhu. In aka ajiye magani a nan, sai su farfaɗo, wani lokaci su dawo da irin tarin da ba ya jin maganin farko. Shi kuma jinyarsa ta fi tsawo, ta fi wahala. Kafin a gane, matar ta yi ta tari a ɗaki ɗaya da 'ya'yanta. Kuma duk wannan ba a gabanka zai faru ba. Sai bayan wata biyu ko uku, an naɗe tabarmi, ka wuce wani ƙauyen, kana ba da labarin yadda Allah ya warkar da ita. Za a binne ta ba ka sani ba. Wannan ne tsorona, ɗana: rai ya salwanta ta dalilin maganar bakinka, kai kuwa kana can kana yabo.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Wa ya san abin da ke cikin kwanon? Mai cutar ƙanjamau da ke shan magani kullum yana iya yin ƙiba, a gwada jininsa a ce ba a ga ƙwayar ba. Maganin ne ya danne ta, ranar da ya bari za ta fara tasowa, kuma irin waɗannan ba za su gaya maka maganin mene ne suka ajiye ba, don kunya. Mai farfaɗiya in ya yanke maganinsa lokaci guda, faɗuwar tana iya dawo masa a jere ba hutu, ita ce ke kisa. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mai shi ke saurin cewa ya warke, sai wata safiya a tarar ɓarin jikinsa ya shanye. Shi kuwa mai ciwon suga, ko'ina ya juya a taronka akwai haɗari: in ya bar magani suga ya hau, in ya sha magani ya shiga azuminka suga ya faɗi ƙasa. Alamar faɗuwar ita ce zufa, rawar jiki, ruɗewa, magana ba kan gado, wadda wani zai ɗauka aljani ne ke fita. In yana iya haɗiya, a dama suga cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa a ba shi nan take. In ba ya cikin hayyacinsa, ba a ɗura masa komai, sai asibiti. Azumi na masu lafiya ne da suka zaɓa da kansu. Yara, masu ciki, masu goyo, da duk mai shan magani, ka cire su da bakinka, a fili, tun ranar sanarwa. In ba ka faɗa ba za su shiga don kada a ce bangaskiyarsu ta gaza.

Na ji abin da ka faɗa wa ƙanwarka, wai shekarun da na yi ina aikin asibiti sun busar mini da bangaskiya. Ban ji daɗi ba, kuma ban ga abin da na yi da za ka faɗi haka a bayan idona ba. Kai da ka riƙe mana fitila a gidan Goggonka daren nan da muke yi wa mara lafiya addu'a, ka isa ka tuna, ba yaron goye ba ne kai a lokacin. Me ya rage ba a yi ba na addu'a? Me aka hana a yi? Ko dai tafi da yawan jama'a sun mantar da kai? Ka binciki zuciyarka da kyau, ka ga ko kwanon nan don ɗaukakar Allah ka sa a cika shi, ko don a ce wane yana da baiwa. Shaiɗan ma da aya ya zo wa Ubangiji a kan tsororuwar Haikali, ya ce ya yi tsalle, amsar da ya samu ita ce kada a gwada Ubangiji Allah.

Ka duba yadda Yesu da kansa ya yi. Kutare goman nan na Luka 17, cewa ya yi su je su nuna kansu ga firistoci, domin a shari'ar Musa firist ne ke duba fata ya tabbatar an tsarkaka. Ashe warkarwa ta gaskiya ba ta gudun bincike. Wanda ya ce ya warke a hannunka, ka ce masa: mun gode wa Allah, ci gaba da maganinka, koma inda aka ba ka a gwada majina ko jini, su za su ce ka tsaya. Da ya ta da 'yar Yayirus, umarninsa shi ne a ba ta abinci. Ishaya ya kawo wa Hezekiya alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar, ya kuma ce a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus, wanda aka warkar da mutane da ƙyallayen da suka taɓa jikinsa, shi ne ya bar Tarofimas a Militus ba lafiya, yana kuma kiran Luka ƙaunataccen likita. Masu mishan da suka kawo bishara ƙasar nan, su suka kula da kutare a Amanawa ta wajen Sakkwato, suka buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Kana ganin ba su iya addu'a ba ne?

Akwai waɗanda in an kawo maka, addu'arsu a kan babur ake yin ta, ana tafiya asibiti. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake aman duk abin da ya shiga cikinsa, ko yake jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Mai zazzaɓi da wuyansa ya sanƙare, musamman da bazara. Mai ciki da ke zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi. Wanda maciji ya sara; ba a tsagawa, ba a tsotsa, a hana ƙafar motsi a ɗauke shi. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da ƙarfe daga kusa, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa mai. Yaro a tafi da shi nan take, babba kuwa in jijjigar ta wuce minti biyar a tafi. Ka tuna 2010 a Zamfara, yankin Anka da Bukkuyum, yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa, wajen ɗari huɗu. Gubar dalma ce daga dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida. Sai da aka kwashe ƙasar gidajen aka ba yaran maganin da ke fitar da gubar kafin abin ya lafa. Wanda ya gani da ido kawai zai rantse iska ce.

In an yi addu'a mutum bai tashi ba, kada bakinka ya kuskura ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ko zunubin iyayensa ne. Almajirai sun yi wannan tambayar kan makahon nan a Yahaya 9, Ubangiji ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Uwar da ta rasa ɗa, ka ƙara ɗora mata laifi, ka raba ta da ɗanta ka kuma raba ta da majami'a. Ka zauna da su, ka je biso, ka koma bayan mako guda lokacin da kowa ya watse.

Yanzu abin da nake so ka yi, kuma cikin makon nan. Ranar Lahadi ka tsaya a inda ka tsaya ka yi waccan sanarwa, ka ce kowa ya zo ya ɗauki maganinsa. Wanda yake jin kunya a kai masa gida a asirce. Matar nan mai tarin fuka ka je da kanka, kai da matarka, ku raka ta wurin da take karɓar magani da katinta, a gaya musu kwana nawa ta yi ba ta sha ba, kada a rage ko ɗaya, domin da wannan lissafin za su san yadda za su ci gaba da ita. Kyauta ne a asibitin gwamnati, kuɗin babur kawai, shi kuma ka cire daga aljihunka. A duba yaran gidan su ma. Na san zai yi maka nauyi ka janye magana a gaban jama'a, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka kuma sanar da Fasto da dattawa da bakinka kafin su ji a waje.

Ɗana, ban rubuta don in kashe maka gwiwa ba. Tun kana ƙarami ba ka iya wuce mara lafiya ba ka tsaya ba, kuma wannan halin ba ni na ba ka ba, Allah ne. Ƙauyukan da kake shiga, da halin da hanyoyin ke ciki yanzu, ba kowa ke yarda ya je ba. Kowace asuba ni da Babanka muna ambaton sunanka. Ka ci gaba da ɗora hannu, ka ci gaba da shafa mai.

Na ba direban da ka sani ƙunshi ya kawo maka ranar kasuwa. Akwai ma'aunin zafin jiki, sabulu, da ƙunshin gishiri da suga na masu gudawa guda ashirin. Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. Na sa ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta sunan duk wanda ka yi wa addu'a da ranar da za ka koma duba shi, a shafin farko kuma lambar mai babur biyu da za su fito ko da tsakar dare. Daddawa da kukar na mai ɗakinka ne. Babanka yana gaishe ka, ya ce ka kira shi.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku.

Mahaifiyarka