Wasiƙa zuwa Niyok: yaran da muka kai Yankari

Bauchi,
12 ga Fabrairu.

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya sanyin can? Mu nan hunturu ya fara sassautawa, sai ƙura da ta ƙi kwantawa. Saƙonka ya iso tare da kuɗin da ka turo, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Na kuma ga 'yar tsokanar da ka liƙa a ƙarshe, wai yaran da ba su da tabbacin tuwon dare mu kuma muka kwashe su yawon buɗe ido. Na ƙi amsa maka ta waya ne don maganar tana son zama.

Garin da kake zaune ma ai ya riga mu. Tun 1877 wani limamin coci, Willard Parsons, ya fara ɗaukar 'ya'yan talakawan Niyok yana kai su ƙauye su sha iska lokacin hutu, kuma ƙungiyar da ta tsiro daga nan, Fresh Air Fund, har gobe tana aiki. Mu kanmu ka manta duwatsun Shere, lokacin Man O' War, ana tashinmu da asuba cikin sanyin Jos muna ta ƙunƙuni? Mu makaranta ce ta kai mu. Waɗannan yaran ba su da mai kai su ko'ina.

Kashi biyu muka haɗa. Akwai 'yan cikin gari: marayu, da 'ya'yan 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe, da almajirai kaɗan da malaminsu ya amince. Sai 'yan ƙauyukan Alkaleri da ke bakin gandun dajin. Neman kuɗi bai ba mu wahala kamar neman yardar iyaye ba. Wata baiwar Allah da ta baro Gwoza a ƙafa da goyo, da na gama yi mata bayani sai ta dube ni ta ce, “Malam, daji kuma?” Wallahi tana da gaskiya. Sambisa ma gandun namun daji ne a da, kamar Yankari. Kamuku da Rugu ka san abin da suka zama. Yaron da aka haifa cikin shekarun nan, in ka ce masa daji, abin da ya sani shi ne inda ake kai mutum a jira kuɗin fansa. Sai da mai unguwa ya sa baki, muka kuma yi alkawarin cewa a cikin sansanin Wikki, masaukin baƙi na gandun, za mu kafa tantuna, ba za mu taka ko'ina ba sai da ma'aikatan gandun.

Ka san Yankari, ba sai na kwatanta maka ba. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama na tarayya a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Abin da ba ka sani ba, yawancin yaran ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi ba su taɓa sa ƙafa a ruwan Wikki ba. 'Yan makarantun kuɗi daga Abuja da Kano su ne ke wucewa ta gabansu cikin bas, su yi wanka, su ɗauki hoto, su juya kafin magariba.

Shi ya sa na dage a kan kwana. Wanda ya iso da azahar bai ga komai ba, dabbobin duk sun shige inuwa. Mu kuwa da an idar da sallar asuba muke shiga mota mu bi bakin kogin Gaji, inda rani ke tara su. Yaran sun ga ɓauna, sun ga gwambaza da mazo, ga zabin daji suna tsallake hanya. Mugun dawa kuwa har cikin sansani yake kiwo. Daren farko wasu ba su runtsa ba, ko ganye ya motsa sai ka ga tocila ta kunnu. Washegari da dare su ne ke yi wa juna gardamar kukan wane tsuntsu ne wannan. Kowa da aikinsa: masu ɗebo ruwa, masu wanke-wanke, masu gadin burodi saboda gwaggon biri, wanda duk da haka sai da ya yi mana ta'adi. Abinci kuma sau uku, kowa da kwanonsa. Kar ka raina wannan. Wani almajiri ya tambaye ni ko wannan kwanon nasa ne shi kaɗai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka juya malanta. Mun je da littattafai da hotunan itatuwa. Sai ga wani yaron ƙauye, wanda malaminsa ya ce ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba, ya shige gaba yana nuna wa 'yan birni: wannan marke ne, waccan taura, wannan ƙirya, gawayinta maƙera suka fi so. Ya duƙa ya dubi sawu ya ce na kwana ne. Ma'aikacin gandun ya duba ya ce haka ne. Daga ranar 'yan birni suka daina kiransu ƙauyawa. Da muka je Kogunan Marshall, waɗanda aka fafe cikin dutse har 59, da wurin tsoffin matoyar ƙarfe, shi ne ya tambayi itace nawa mutanen da suka ƙona kafin su narka tama. Tambayar da ni ban taɓa jin ɗan jami'a ya yi ba.

Amma yaron nan ya tsani giwa, kuma bai ɓoye ba. Da dare a bakin wuta, ma'aikacin yana bayanin cewa giwayen Yankari, da ake ƙiyasta tsakanin 100 da 150, suna cikin garken ƙarshe da ya rage wa Najeriya, sai yaron ya ce, “Su ƙare mana. Dare ɗaya suka cinye mana dawar shekara.” Wurin ya yi tsit. Na ji daɗin da ma'aikacin bai tsawata masa ba. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya yi masa bayanin yadda su da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke sintiri, da yadda ake sanar da su da wuri in garke ya doshi gonaki, da yadda manoman Kenya ke jera amya a bakin gona don giwa na tsoron zuma. Yaron bai gamsu duka ba. Ni dai a wurina gara wannan gardamar da a ce sun haddace waƙar kare muhalli sun rera mana.

Haka maganar itace. Ba zan iya tsayawa gaban yaron da uwarsa ke sayar da itace ta ciyar da shi in ce sare bishiya laifi ne ba. Iskar gas ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati ma, balle ita. Sai muka ba su labarin manoman Maraɗi da Damagaram, da tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture a gona, suna barin tohon ya tashi suna rage masa rassa, abin da suke kira sassaben zamani. Da wannan kaɗai aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da an sayi dashe ba. Itace na samuwa, gona na gyaruwa. Wannan ya shige su, don abu ne da yaro zai iya gwadawa a gonar ubansa da wuƙa kawai.

Af, ka tuna ungulayen da ke cika mayanka muna yara? Cikin 'yan birnin nan da yawa ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba. Masu sayar da kayan tsubbu da guba sun kusa gamawa da su.

Ban ce mun kawar musu da yunwa ba, kowa ya koma inda ya fito. Almajiran sun koma bara. 'Yan mata ma kaɗan muka samu, don iyaye ba sa sakin 'ya mace ta kwana a waje, kuma ban ga laifinsu ba. Sai mun sami malamai mata da iyayen suka yarda da su, muna kan nema. A yanzu dai yaran na haɗuwa ranar Asabar a bayan makaranta suna rainon irin ɗorawa da tsamiya cikin ledojin ruwa da suka tsinto, muna jiran damina.

Ga roƙona, tunda ka tsokano. Madubin hangen nesa ɗaya tak muka je da shi, na aro, har faɗa aka yi a kansa. In ka ci karo da na hannu a kasuwannin can, ko biyu ko uku, ka ba wa mai zuwa gida ya taho mana da su kafin hutun ƙarshen shekara. In kuma Allah ya kawo ka da kanka, akwai tanti da tabarma, sai dai gadin burodi zai faɗo kanka.

Ka gaida uwargida da yara. Hajiya na gaishe ka, ta ce ka daɗe ba ka kira ta ba.

Wassalam,
naka har kullum.