Wasiƙa Kan Ƙullutun da Ke Bin Al'ada

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yarinya. Na samu saƙonki kan ƙullutun da ya fito miki a matsematsin dama bayan haihuwa, wanda aka ce ƙaba ce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa shiru yake duk tsawon shayarwa, sai da al'adarki ta dawo ya fara kumbura yana zogi.

Ita ƙaba hanji ne ko kitse ke turowa ta inda bangon ciki ya yi rauni, shi ya sa takan ƙara fitowa idan an yi tari ko nishi, ta koma idan an kwanta, kuma ba ruwanta da kwanakin wata. To, akwai wata cuta da likitoci ke kira endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta, duk wata ya kumbura ya yi jini, alhali jinin ba shi da hanyar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Galibi a mara take zama, amma jefi-jefi takan bi wata jijiya mai riƙe mahaifa har ta sauko matsematsi, ta hanyar da ƙaba ke bi, yawanci ma a dama. Tun 1896 likita Thomas Cullen ya bayyana irin wannan a Amurka. Wadda aka yi wa fiɗa wajen haihuwa kuwa, wani lokaci cutar takan fito mata a tabon ɗinki. Mace ta sha yunƙurin naƙuda, ga kumburi a matsematsi, ban ga laifin likitan da ya fara zaton ƙaba ba.

Kafin a tsayar da ranar tiyata, ki riƙa rubuta ranakun da zogin ke tashi da ranakun al'adarki, ki kai wa likitan mata, ki roƙi a yi miki sikanin ko hoton MRI. Wani lokaci ƙaba da endometiriyosis tare suke zuwa. Idan wannan naman ne, sai an cire shi gaba ɗaya an kai ɗakin gwaji, domin abin da aka bari yakan sake tsirowa. Amma idan ƙullutun ya yi tauri, ciwo ya tsananta, amai ya biyo baya, kada ki jira wata, ki tafi asibiti a ranar.

Allah ya ba ki lafiya, ya raya mana yarinya. Ina jiran jin abin da likitan zai ce.

Taki har kullum.