Kafin a Biya Kuɗin Mota Haibirid ta Hannu, a Fara Duba Batirinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ciniki da ya fara yawaita a Kano, wato sayen motocin nan na hannu masu aiki da fetur da batir a haɗe, waɗanda ake kira haibirid. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Wannan ya sa magidanta da yawa suka jingine manyan motocinsu, kuma duk wanda ya shiga wurin dillalan mota a yau, tambayar da yake fara yi ita ce ta shan mai. Dillalai sun lura da haka, shi ya sa za ka ji ana nuna wa mutum Prius ko Camry haibirid ana ce masa wannan sansanar mai kawai take yi.

Maganar tasu ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma ba na cikin masu kushe motar. Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan tun 1997, ya fitar da ita kasuwannin duniya a 2000, saboda haka fasaha ce da ta daɗe ana gwada ta, har masu tasi a manyan biranen duniya suka rungume ta. Haka kuma tsoron da wasu suke yi cewa sai an jona ta a wutar gida ba shi da tushe, domin haibirid ta asali injinta ne yake yi wa batirin caji, sannan duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin da a wata motar zai tafi a banza ya zama zafi, ita sai ta mayar da shi lantarki ta adana. Idan ta tsaya a danja ko a cunkoso, injin yakan mutu da kansa, ta ja jiki a hankali da batir. Duk wanda ya san yadda ake tafiyar hawainiya daga Bata zuwa Kantin Kwari, ko a Kurna da yamma, ya san cewa a irin waɗannan wurare ne mota take ƙona mai tana tsaye, kuma a nan ne haibirid ta fi kowace mota riba.

Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne, wanda ya sayi haibirid ta hannu ragowar kwanan batirinta ya saya, kuma wannan ragowar ba a ganin ta a fenti ko a kujeru. Babban batirin Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 ya ƙunshi ƙananan batura 28 da aka jera, kowanne mai ƙarfin bolt 7.2, jimilla ya ɗan haura bolt 200. A yawancin jihohin Amurka, inda galibin motocinmu suke fitowa, garantin da Toyota take bayarwa a kansa shekara 8 ne ko mil 100,000, sai daga ƙirar 2020 ta ƙara shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'ana, motar 2010 da ake yi wa kirari da sabuwar shigowa ta fita daga garanti tun 2018. Batura da yawa suna wuce wannan wa'adi lafiya lau, amma shekaru suna cin su ko da ba a hawa motar, kuma zama wuri ɗaya ya fi yi musu illa fiye da aiki. Motar da ta yi watanni a filin gwanjo, ta yi makonni a jirgin ruwa, ta jira takardun kwastan a Legas, sannan ta zo ta zauna cikin rana a filin dillali, batirinta ya sha wahala tun kafin mai saye ya taɓa sitiyarinta. Kuma a motocin Toyota haibirid babu kik irin na sauran motoci, babban batirin ne yake tayar da injin, saboda haka ranar da ya mutu motar ta tsaya ke nan, ba a tura ta ta tashi.

Sai kuma yanayin garinmu, wanda a ganina shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi. Batirin ba ya son zafi, ga shi a Kano daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Abin da yake sanyaya shi wata 'yar fanka ce da take zuƙo iskar cikin mota ta wata kafa, wadda a Prius take gefen kujerar baya, ta hura masa. Wannan yana nufin wanda ya kashe esi ya sauke gilashi da niyyar rage shan mai, iska mai zafi da ƙura yake aika wa batirinsa. Na tsaya a kan wani mai wayarin lokacin da ya kwance fankar motar wani maƙwabcina bayan wucewar hunturu, na ga ƙura ta cakuɗe da zare da gashi ta like fukafukan fankar, har sai da ya sa tsinke da buroshi yana ɓamɓarowa. Kafar iskar kuwa an rufe ta ruf da rigar kujera ta leda da aka ɗinka wa motar don ado, ba tare da mai ɗinkin ya san amfanin wannan kafa ba. Ko ba rigar kujera, babbar rigar fasinja ko mayafi ko buhun da aka jingina a gefen na iya toshe ta. Da damina kuma, batirin yana bayan kujerar baya ne, ga Prius ƙasa-ƙasa ce, don haka mai zama a unguwar da ba kwalta, inda ruwan Agusta yake kwanciya, sai ya yi tunani sosai. Haka nan a bincika tarihin motar da lambar shasi, domin bayan kowace babbar ambaliya a Amurka, irin ta guguwar Harvey da ta mamaye Houston a 2017, dubban motocin da ruwa ya ci sukan shiga gwanjo, kuma wasu ƙasashen waje ake kai su.

Game da lissafin riba, bai kamata kowa ya ari na wani ba. Mu ƙaddara ma'aikaci yana yin kilomita 1,000 a wata a cikin gari, motarsa ta yanzu tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, haibirid kuma za ta sha 6. Ya tsira da lita 40 ke nan a wata, wanda in an ƙaddara lita a naira 1,000 ya kama naira 40,000, a shekara kusan rabin miliyan. Wannan kuɗi ne mai kauri, amma sai ya je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ya tambayi farashin batir a ranar, ya haɗa da bambancin kuɗin da ke tsakanin haibirid da takwararta mai fetur zalla, ya raba, ya ga wata nawa zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. Mai yawo a cikin gari kullum zai iya samun amsa mai daɗi. Wanda kuwa motarsa ba ta fita sai Juma'a da ranar biki, ko wanda yawancin tafiyarsa a kan titin Zariya zuwa Kaduna ne, inda injin ba ya hutawa kuma ba a yawan taka birki, ragin da zai samu bai kai yadda ake zuzutawa ba, kuma ni da Corolla mai lafiya zan ba shi shawara.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen abin da ake kira gyaran batir. Idan ɗaya daga cikin ƙananan baturan ya raunana, kwamfutar motar takan kunna gargaɗi a gaban direba, ta ajiye lambar matsala P0A80. Abin da wasu suke yi shi ne su cire wanda ya mutu, su sa wani tsoho da aka ciro daga wata motar, su goge lambar, su wanke mota a kai kasuwa. Za ta yi tafiya lafiya na ɗan lokaci, amma tun da sauran 27 ɗin sa'annin wanda ya mutu ne, ba a daɗewa wani ya bi sahu, gargaɗin ya dawo, a lokacin kuwa an riga an ci la'ada an watse. Saboda haka zagaye ɗaya a layin dillali bai isa gwaji ba, kuma biyan kuɗi a kansa cinikin biri a sama ne. Mai saye ya zo da nasa mai kwamfutar, ba wanda dillali ya kira ba, a jona na'ura a karanta ƙarfin baturan, waɗanda a Prius suke bayyana bibbiyu a rukuni 14, a ga ko akwai rukunin da yake faɗuwa ƙasa da 'yan'uwansa idan an taka totur. Na'urar tana kuma nuna ko ba a daɗe da goge lambobin matsala ba, wanda shi kansa abin tambaya ne. Sannan a yi tafiya mai ɗan nisa da esi a kunne, a sa ido a kan ma'aunin batir. Idan yana cika nan da nan ya kuma zube nan da nan, ko injin ya ƙi hutawa, ko ana jin fankar baya tana kuka ba ƙaƙƙautawa, to batirin ya gaji ko da babu fitilar da ta kama.

Ba batir kaɗai ake dubawa ba. Prius ƙirar 2010 zuwa 2015 an san ta da toshewar bututun da yake mayar da hayaƙi cikin inji, abin da kan kai ga ƙonewar gasket, kuma alamarsa ita ce injin ya riƙa kakkarwa idan an tayar da shi da safe, shi ya sa ya fi kyau a je ganin mota tun injinta bai yi zafi ba. Akwai famfon birki mai aiki da lantarki, mai tsadar gaske, wanda in ya fara lalacewa ake jin yana yawan gurnani ko da ba a taka birki ba. Civic haibirid ta Honda ƙirar 2006 zuwa 2011 kuma batirinta ya yi ƙaurin suna wajen saurin rauni, don haka ba daidai ba ne a yi wa duk haibirid kuɗin goro.

Wanda ya riga ya saya, akwai ɗabi'un tuƙi da sai ya bari. Direbobinmu sun saba mayar da giya firi a cunkoso, alhali a haibirid ta Toyota batir ba ya caji idan giya tana kan N, sai dai ya yi ta zubewa, musamman da esi a kunne. Sannan ba mota ba ce da ake bari mai ya ƙare mata ƙaf a ci gaba da lallaɓawa da batir har gidan mai, domin idan babban batirin ya zube sosai, ko an zuba mai ba lallai ta tashi ba, sai an nemo caja ta musamman. Kwamfuresan esinta ma na lantarki ne, yana da irin man da ake zuba masa, kuma mai gyaran esi da ya zuba na sauran motoci zai iya jawo asara babba. Wayoyin nan masu ruwan lemo da suke bi ta ƙarƙashin motar kuwa wutar da ke cikinsu tana iya kisa, bai halatta a bar yaron gareji ya sa musu hannu da gwaje-gwaje ba.

Wannan ya kawo ni ga kiran da nake son yi. Kano tana da makanikai da masu wayarin masu basira ƙwarai, waɗanda suka koyi motocin zamani masu kwamfuta da ƙoƙarin kansu, amma waɗanda suka ƙware a haibirid har yanzu ba su kai yawan motocin da ake shigowa da su ba. Ya kamata ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar bunƙasa harkar motoci ta ƙasa, NADDC, tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, su haɗa hannu wajen shirya horo na gajeren lokaci da harshen Hausa, a ba wanda ya kammala shaida, domin mai mota ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mai niyyar saye kuma ya nemi makanikensa tun kafin ya nemi motar, ya tambaye shi wace ƙira ce kayanta suke samuwa a gari. Su kuma 'yan'uwanmu dillalai, addini ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, kuma batirin da aka yi wa faci aibi ne ko da mota tana sheƙi. Idan dillali ya tabbata batirin lafiyayye ne, ba abin da zai hana shi rubuta wa mai saye yarjejeniya a gaban shaidu cewa in gargaɗin batir ya kama cikin wa'adin da suka amince, gyaran yana wuyansa.

Ina kuma roƙon wannan jarida ta tura wakilinta Ƙofar Ruwa da garejojin da ake gyaran waɗannan motoci, ya jiyo mana farashin batir sabo da na kwance, da tsawon garantin da masu sayarwa suke bayarwa, a buga domin masu niyyar saye su yi lissafinsu da alƙaluman kasuwa na gaskiya.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Gwale, Kano.