Wasiƙa zuwa ga 'yata kan maganar tafiya Italiya

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan gida. Daga bakin ƙaninki na ji cewa takardar gayyata ta iso, kuma kin ƙudura tafiya Italiya domin aikin bishara a tsakanin 'yan matan ƙasarmu da aka yi safararsu aka jefa su cikin karuwanci. Na zaɓi in rubuta ne domin a waya kikan tare ni da aya tun ban kai ƙarshen magana ba.

Kada ki zaci raina aikin nake yi. A Zumuntar Mata mun daɗe muna sa waɗannan yara a addu'a, kuma na san a shekarar 2016 kaɗai matan Najeriya kimanin 11,000 ne suka sauka Italiya ta teku, waɗanda hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 nasu don a ci kasuwa da jikinsu aka kai su. Akasarinsu daga jihar Edo suke, amma ta arewa hanyar ta ratsa, ta Kano da Agadas da Sabha a Libiya, kafin a cusa su cikin kwalekwalen roba. Tun a gida ake kai yarinya wurin boka ta yi rantsuwa da gashinta da farcenta, sannan madam, wato matar da ke riƙe da ita a can, ta ɗora mata bashin da kan kai Yuro 30,000 ko fiye, wanda za ta biya a tsaye a bakin titi cikin sanyin hunturu. Sai da Oba na Benin, wato sarkin birnin Benin da ke jihar Edo, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen a watan Maris na 2018 ya warware waɗannan rantse-rantse. Masu aikin ceto na gaskiya ma akwai su, irin marigayi Fada Oreste Benzi da ya riƙa fita tituna da dare yana neman 'yan matan, da sistocin Katolika na ƙungiyar yaƙi da safarar mutane ta Talitha Kum da aka kafa a 2009, kuma dokar Italiya ta 1998 ta ba wadda ta tsere wa madam damar samun takardar zama.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan matar da ta gayyace ki. Ba ki taɓa ganinta ido da ido ba, a Facebook kuka haɗu, ita ce za ta biya kuɗin jirgi, ita ce za ta ba ki masauki, kuma har yau ba wanda ya iya faɗa mini sunan ikilisiyar da take ƙarƙashinta ko faston da ke tsaye mata. To, ki gaya mini, ta ina wannan ya bambanta da yadda ake ɗaukar 'yan matan da kike son ki je ki ceta? Su ma alkawarin aikin kitso da renon yara aka yi musu, kuma sau da yawa wadda ta shawo kansu mace ce mai kamala da ake zama da ita a benci ɗaya a majami'a. Ranar da kika sauka ta ce ki kawo fasfo ta adana miki, wa za ki kira, da wane harshe, alhali ko gaisuwar Italiyanci ba ki iya ba? Za ki ce ke mai digiri ce, ba a yaudarar irinki. 'Yar goggonki ma haka ta ce, kuma kin san halin da gidan nan ya shiga.

Na ji kuma kin ce wa ƙaninki kullum ni ce mai tare miki hanya, tun maganar Legas. Na tare, kuma da yau ne ma zan sake tarewa, domin ni kaɗai na rage muku tun rasuwar babanku. Ɓoye mini da kika yi rashin kunya ne, ba zan sa masa wani suna ba. Kina cewa Ubangiji ne ya kira ki, ban musa ba, amma Bulus da Barnaba ma sai da ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu kafin su kama hanya, kuma da suka dawo a gabanta suka ba da labarin aikinsu. Ke wace ikilisiya ce ta aike ki?

Ga abin da nake roƙo. Matar ta sa shugaban ikilisiyarta ya rubuto wa fastonmu da hatimi da adireshi, mu kuma mu kai takardun ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, a bincika mana, tunda don irin wannan aka kafa hukumar a 2003. Kafin amsa ta fito, ki je birnin Benin ki yi 'yan watanni a gidan da sistoci ke karɓar waɗanda aka dawo da su, ki zauna da su, ki ji ta bakinsu yadda aka ɗauke su. In bayan haka zuciyarki tana nan, takardu kuma sun tabbata, da hannuna zan haɗa miki kaya, kuɗin jirgin kuma mu ne za mu biya ko da filin bayan gari zan sayar, don kada ki sauka ƙasar mutane da bashin kowa a wuyanki.

Ki zo gida kafin ƙarshen wata tare da takardar gayyatar, na riga na roƙi fasto ya zauna da mu. Ƙannenki suna gaishe ki. Ubangiji ya kiyaye mini ke.

Ni ce,
Mahaifiyarki