Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga António Guterres kan makaman nukiliya

Ranka ya daɗe, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, barka da aiki.

Maganar nukiliya ce ta sa na rubuto maka, don wallahi ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wato NPT, da ta fara aiki a 1970 ciniki ne fa aka yi a fili: ƙasashen da ba su da bam ɗin suka ce sun haƙura ba za su nema ba, su kuma Amurka da Rasha da Birtaniya da Faransa da Sin suka ɗauki alkawari a sashe na 6 cewa za su zauna da gaske a tattauna yadda za a rabu da nasu. Afirka ta Kudu har bamabamanta guda 6 ta kwance da hannunta. Su manyan fa? Yarjejeniyar INF ta 1987, wadda ta hana Amurka da Tarayyar Soviet makamai masu linzami masu cin matsakaicin zango da ake harbawa daga ƙasa, ta mutu a 2019 bayan Amurka ta fice, yarjejeniyar CTBT ta hana gwajin bam ɗin nukiliya kuwa Amurka ta sa hannu tun 1996 amma majalisarta ba ta amince ba, Rasha ma ta janye amincewarta a 2023, taron bitar NPT na 2015 da na 2022 duk an watse hannu rabbana.

Wacce ta fi tsaya mini a rai New START ce, yarjejeniyar rage makaman nukiliya tsakanin Amurka da Rasha, ta Obama da Medvedev a 2010. Kowa adadin 1,550 ɗin nan yake ambata, wato iyakar kawunan bam masu cin dogon zango da kowannensu zai girke, ni kam binciken nan na ido da ido na fi ji, har sau 18 a shekara, Ba'amurke ya shiga sansanin Rasha ya nuna makami mai linzami ya ce wannan za a buɗe, a buɗe masa ya ƙirga kawunan bam ɗin da ke kai, haka Barashe a Amurka. An tsayar da binciken a 2020 saboda korona, ba a koma ba, a Fabrairun 2023 Putin ya dakatar da shigar Rasha cikin yarjejeniyar. Wanda bai ga abin da ke hannun abokin gabarsa ba ai mafi muni zai zata, ya hau ƙera nasa.

Ka tuna daren 26 ga Satumba 1983, kwamfuta ta nuna wa Stanislav Petrov, jami'in sojan Tarayyar Soviet mai lura da na'urar gargaɗin hari, makamai masu linzami 5 sun taso daga Amurka, ashe hasken rana ne a kan gajimare, Allah ya sa bawan Allahn nan ya ce ƙararrawar ƙarya ce.

Na san ba ka da soja ba ka da kujerar naƙi, amma kana da baki. A Janairun 2022 su biyar ɗin da kansu suka sa hannu cewa yaƙin nukiliya ba mai cin nasara kuma bai kamata a yi shi ba. Don Allah ka karanta musu wannan sanarwar tasu a zauren Majalisa, ka kira sunan kowacce ƙasa, ka tambayi Amurka da Rasha ranar da masu bincike za su koma sansanoni, Sin ma ta faɗi nawa take da su.

Na gode, Allah ya yi jagora.